Hannun Da Ba A Jona Ba

Jiya na yi wani mafarki, kuma ba da dare ba, da rana tsaka, bayan azahar, ina kwance a tabarma da sukundireba a hannuna. Amma bari in fara gaya muku abin da ya kwantar da ni a wurin, kada ku ce Mamuda ya fara taɓuwa.

Gyaran rediyo da talabijin nake yi a Malumfashi. Yayana Tanimu, wanda nake bi, direban tirela ne. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, aka kawo shi gidana jinya. Ƙafa ta ɗan dawo, baki ya ɗan dawo, hannu ya ce bai san zancen ba. Likita ta ba shi wata ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa, ya sa hannun dama ya wurga ta bayan katanga. Mutumin da in ya fara ba da labari a tasha sai an bar lodi an zo saurare, yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba, fuska a bango. Kuma ran Asabar matarsa za ta mayar da shi Gusau. Abin da nake tsoro ɗaya ne, a tafi da shi a haka, ya je can ya ci gaba da kallon wani bangon har ƙarshen ransa.

Shi ne na tuna da Ɗan Tulu. Wani gem ne, wasan da ake bugawa a talabijin, na zamanin yarintarmu, a wata na'ura da Baba ya taho da ita daga Legas. Sunansa na gaskiya da rubutun wasu mutane aka yi shi, ba mu iya karantawa, sai muka raɗa masa namu. Wani ɗan mutum ne da tulu a ka, yana tsallake kogi a kan gungume, kadoji na jiransa a ƙasa. Yaya ne gwanin unguwa. Ni kuwa hannun gem na biyu yake miƙo mini, wato abin dannawar, in yi ta dannawa ina ihu, ina ganin da ni ake. Sai da na shekara biyu kafin na gane wayar hannun nawa ba a jone take ba, a ƙarƙashin cinyarsa yake danne bakinta. Har yau bai ba ni haƙuri ba.

Na'urar Baba ta daɗe da mutuwa. Sai na samo wata 'yar kwamfuta, allo guda ce tsirara, ba ta cika tafin hannu ba, na zuba mata manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin na'urori. Gem ya tashi. Amma kai! In Ɗan Tulu ya yi tsalle, sai ka je ka sha ruwa ka dawo bai sauka ba. Kiɗan na ja kamar kaset a rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Kwana huɗu ina fama, na rantse ba zan miƙa wa direban tirela abin da ke rarrafe ba. Jiya na bar shi a kunne a falo, Yaya na kan kujerarsa, na ce bari in ɗan miƙe bayana.

Ina rufe ido sai ga ni a bakin wata kasuwa. Ba wanda ya yi mamakin ganina, ni ma ban yi ba. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi, ɗigo-ɗigo, ba ya gaggawa. Mata sun ɗaga bokitai a kife suna tara. Wata kaza ta diro daga katanga ta tsaya a iska, fukafukai a buɗe, mai ita na zaune a ƙasa da kwando.

Na ce, "Malam, tun yaushe kake jira?"

Ya ce, "Tun Talata."

"Ba ka miƙa hannu ka ɗauko ta?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ai ba ta iso ba."

Na ga yana da gaskiya. Sai na ji cinyata na ƙuna, ashe 'yar kwamfutar ce a aljihuna, ta yi zafi kamar ƙosan da aka kwashe yanzu. Na tambaye shi inda ake kai ƙarar jinkiri a garin nan. Ya ce Ofishin Sauri.

"Da nisa?"

"In ka yi gudu, kwana uku ne. In ka tafi a hankali, ga shi nan."

Na tafi a hankali, sai ga shi nan.

Wata jar akuya ce a teburin karɓar baƙi, da tabarau a kan hanci. Tana buga wa takardu hatimi, in ta buga sai ta cinye, ta ɗauko ta gaba. Na yi sallama, na ɗora kwamfutar a gabanta, na ce gem ne ke tafiyar hawainiya.

Ba ta ɗago ba. "Ka kashe ka kunna?"

"Ranki ya daɗe, shekara ashirin ina gyara."

"Ba shekarunka na tambaya ba."

"Na kashe na kunna."

"Sau nawa?"

"Ya fi hamsin."

"To ka gajiyar da shi. Zafi ke damunsa ko yunwa?"

Na ce ban gane ba. Ta ja tsaki irin na ma'aikacin da ya ƙagu a tashi, ta ce a kusurwar allon talabijin me nake gani. Na ce wani lokaci alamar walƙiya, wani lokaci ma'aunin zafi.

"Walƙiya yunwa ce, wuta ba ta isarsa. Ɗayan kuma ko ɗan akuya ya san zafi ne. Duka biyun ka haɗa masa? Haba Malam. Ku sa mutum aiki, ba ci, ba fifita, sannan ku zo nan ku cika mana ofis."

Ta buga mini hatimi a goshi. Na ja da baya da sauri, don na ga abin da ke biyo bayan hatimi. Ta ce in shiga ciki in gani da idona.

"Ina ƙofar?"

"Aljihunka."

Na mayar da kwamfutar aljihu, na bi bayanta na shiga.

Ƙasar wurin koriya ce shar, titunan na jan ƙarfe, sirara, ba mai kwana sai a kusurwa. A tsakiya akwai wani baƙin ɗaki, murabba'i, ba rufi. A ciki na tarar da wani siririn mutum ya manna gemun auduga, gumi na zuba, yana zana hotuna yana turawa ta taga. Kafin ya zana kowane hoto sai ya yi tari sau biyu, ya ɗingisa ya zagaya ɗakin, sannan ya zauna.

Na ce, "Sannu da aiki. Wannan tarin da ɗingishin fa?"

Ya ce, "Kwaikwayo ne. Ni ɗan bana ne, ka ce in zama na'urar Babanku. Haka take tari, haka take ɗingishi. In na bar ɗaya, gem ba zai gane ni ba." Ya share goshi. "In gem zai yi gudunsa, hoto sittin ake so kafin ka ce ɗaya. Ni talatin nake iyawa."

"Me ya hana?"

Ya ajiye alƙalami. Na san wannan kallon, irinsa nake yi wa masu kawo rediyo bayan sun buɗe ta da wuƙa.

"Me ya hana? Kai ka ce in goge gefen kowane hoto ya yi sumul. Na goge. Ka ce in faɗaɗa shi ya cika wannan uban talabijin naka. Na faɗaɗa. Sannan ka ce in bi shi da layi-layi da dishi-dishi don ya yi kama da talabijin ɗin da. Wato in gyara shi ya zama sabo, in kuma ɓata shi ya zama tsoho. Mamuda, tsakaninka da Allah, kana lafiya?"

Wallahi na ji kunya. Na ce ya bar gugar, ya bar layi-layin, ya zana shi ƙarami yadda Allah ya yi shi. Ya ce to, madalla.

A ƙofar ɗakin wata dattijuwa na zaune da tukunya, tana sayar da wutar lantarki da ludayi, yadda ake sayar da koko. Tana zuba ludayi biyar a bakin wata siririyar waya, huɗu ke fita a ɗaya bakin.

Na ce, "Iya, ina ɗayan yake zuwa?"

Ta ce, "Hanya ke shanyewa, ɗan nan. Wannan wayar ta cajin tsohuwar tocila ce ka ba mu. Ko kunu ba ya bi ta nan."

Na duba jikina, ba ni da wata waya mai kauri. Sai na zare mazagin wandona na miƙa mata. Ta ja shi, ta gwada shi da haƙori, ta ce zai yi. Ludayi biyar suka shiga, biyar suka fita. Na ciro matsefin ƙarfe daga hulata na kafa wa mai zane a ka don ya sha zafin, na ɗora masa 'yar fanka a kai. Duk wannan da hannu ɗaya na yi, ɗayan na riƙe da wando.

Mai zane ya kama aiki. Talatin, arba'in, arba'in da biyar. Nan ya tsaya.

Na ce, "Saura sha biyar."

Ya ce, "Iyakata ke nan. Ƙaramin mutum ne ni, dubi ɗakina. In kana son sittin, sai ka ga Darakta."

Darakta wani farin bunsuru ne, ofishinsa a kan rufin kasuwa. Warinsa ya riga shi gaisawa da ni. Ya saurare ni har na gama, yana tauna.

Ya ce, "Abu mai sauƙi. Tsallake za mu yi. Cikin kowane hoto huɗu zan cinye ɗaya. Mai zane ya huta, tafiya ta yi sauri, ba wanda zai lura."

"Ba wanda zai lura?"

"Mutane ba sa kallon tsakiya. Inda aka tashi da inda aka sauka kawai suke gani. Sa hannu nan."

Na sa. Ni dai Asabar nake tunani.

Nan take gari ya ɗauki gudu. Ruwan ya tsere sama, bokitai suka cika suka zube wa gajimare. Kazar nan ta ɓace daga iska, sai ga ta a tukunya, mai ita na lashe yatsa bai san lokacin da ya ci ba. Mutane ba sa tafiya, ɓulla suke yi, nan, can, can. Wani ya ce wa wani, "Ina kwa," ɗayan ya ce, "lau," suka wuce. Raina ya yi fari tas. Na ce yauwa, ko ku fa.

Sai na leƙa tiren da ake kawo wa Darakta hotunan da zai ci. Na farko Baba ne yana shigowa gida da kwali a kafaɗa, yana murmushin da yake yi in ya ɓoye abu. Darakta ya lanƙwame. Na biyu Inna ce a ƙofar ɗaki, tana cewa a rage ƙarar abin nan, amma ta ƙi tafiya. Ya lanƙwame. Na uku cinyar Yaya ce, da bakin waya na leƙowa daga ƙarƙashinta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ba na gem ba ne."

Ya ce, "Duk abin da ke tsakanin nan da can, tsakiya ne." Ya lanƙwame.

Sai ga mu a bakin kogi. Na san kogin, na farko ne, wanda Yaya ke tsallakewa ido rufe don ya ba yaran unguwa haushi. Kiɗan na tafiya da gudunsa na asali. A bakin ruwa wani mutum na tsaye da tulu a ka, cikin shuɗiyar rigar da yake tuƙi da ita. Yaya Tanimu ne. Hannunsa na dama na tallabe da tulu. Na hagu kuwa ba hannu ba ne, doguwar baƙar waya ce tun daga kafaɗa, tana jan ƙasa a bayansa, bakinta ba a jone da komai ba.

Gungume na wucewa fiu, fiu. Yaya ya ɗaga ƙafa, kafin ya sauke ta gungumen ya kai Gusau. Ya faɗa ruwa, tulu ya fashe, aka yi ɗan kiɗan nan na mutuwa. Sai ga shi kuma a bakin kogi da sabon tulu. Ya ɗaga ƙafa. Ya faɗa.

Wani kada ya fito da kai, ya dube ni. "Malam, kai ne mai gyaran?"

Na ce ni ne.

"Don Allah a duba lamarin nan. Sau goma sha bakwai ke nan. Mu wallahi mun ƙoshi."

A na sha takwas Yaya bai ɗaga ƙafa ba. Ya sauke tulun a hankali, ya zauna a ƙasa. Wani bango ya taso daga cikin yashi, bangon falona ne, har da tabon da ruwa ya yi masa. Yaya ya juya ya fuskance shi.

Duk mafarkin ban ji tsoro ba sai a wurin nan. Na ƙwala wa Darakta kira, na ce a tsaya, a mayar da komai yadda yake.

Ya zo yana sakace haƙori da kusurwar hoton Inna. "Ba kai ka kawo ƙarar jinkiri ba?"

"Ni ne."

"Jinkirin, kai ya dama ko mai tulun?"

Na waiga na dubi Yaya da bangonsa. Darakta ya matso kusa da ni.

"Ka tambaye shi?"

"Ban tambaye shi ba."

"Kwana nawa kana gyara?"

"Huɗu."

"Yana ina?"

"Yana nan falon, a kujera."

Darakta ya ce, "To." Bunsuru ne, amma wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce ina ake janye ƙara. Ya ce teburin jar akuya, kuma ana gab da tashi. Na zabura da gudu, ofis ya ja baya. Na ƙara wuta, ya ƙara nisa, har ya zama ɗan ɗigo. Sai na tuna maganar mai kaza. Na tsaya, na ja numfashi, na fara ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, zuciyata na tafasa, ɗan'uwana na can yana kallon bango. Ban taɓa yin tafiya mai wuya irin wannan ba, ga wando a hannu. Taku na bakwai sai ga teburin.

Jar akuya ta ce takardata ta riga ta shige ciki, sai dai a jira ta tuƙo ta. Na jira. Ta tuƙo ta, ta shimfiɗa, ta goge sa hannuna da kofato. Ruwa ya koma tashi ɗigo-ɗigo. Kiɗa ya koma ja. A kogi gungume suka rage gudu, suna tafe kamar shanun da suka ƙoshi.

Amma Yaya bai juyo ba. Jar akuya ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Ai hannun ba a jone yake ba."

Na zauna a yashi na kama wayar hannunsa, na fara bi don in kai ga bakinta. Na ja, na ja, na tara ta a gabana kamar mai jan guga. Ta zagaya tulu, ta bi bayan kada, ta dawo. Da na zo ƙarshe sai ta ƙi tahowa. Na duba, ashe a ƙarƙashin cinyata take. Ni na danne ta, kuma ga alama na daɗe a kai.

Na ɗaga cinya. Sai na ji ƙas. Shiru. Ƙas, ƙas.

Na ce wa kada, "Kai ne?" Ya ce shi bai taɓa komai ba.

Ƙas.

Na buɗe ido. Rufin falona ne, fanka na juyawa, sukundireba ta yi mini shaida a kumatu. Kiɗan Ɗan Tulu na nan yana ja yadda na bar shi. Ƙarar kuwa ta maɓallin roba ce.

Yaya ya jawo hannun gem daga kan tebur ya ɗora a cinya. Da hannun dama yake danna tsalle. Na hagun ya ɗauko shi ya kwantar a kan maɓallin tafiya, babban yatsan na rawa, yana dannawa da ƙyar. Ƙas. Ɗan Tulu ya tashi sama, ya daɗe a can, ya ba yatsan lokaci ya sake nemo maɓallin, sannan ya sauka a gungume. Sun riga sun wuce kogi na farko, suna tsakiyar na biyu. Alamar walƙiya na ta ƙiftawa a kusurwa.

Hali ba ya barin mutum. Na lallaɓa na miƙa hannu wajen sabuwar wayar caji mai kauri da na sayo da safe, wai in canja.

"Kar ka taɓa."

Kwana tara rabon da in ji muryarsa. Na ce, "Yaya, ai a hankali yake tafiya."

Bai ɗauke ido daga talabijin ba. Bakin a karkace, maganar na fita ɗaya-ɗaya. "Na gani. Ni ma."

Na ajiye wayar. Idona ya cika, na juya kamar ina neman hulata. Sai na ji abu ya taɓa ƙafata. Hannun gem na biyu ne ya turo mini da ƙafarsa mai lafiya.

"Zauna ka taya ni. Na ukun nan da wuya."

Na ɗauka. Na bi wayar da ido, daga hannuna, ta kan tabarma, ta hau kujera, ta shige ƙarƙashin cinyarsa. Na dube shi. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

Na gyara zama kusa da shi, na yi ta dannawa, ina ihu a duk inda ya kamata.